Ruwan Azurfa da Na'urar TDS: Me Lambar Take Nunawa?

Na'urar TDS wata 'yar na'ura ce mai kamar alƙalami, mai aiki da batir, wadda ake tsoma bakinta a ruwa sai ta nuna lamba a fuskarta. Masu kamfanin ruwan leda suna amfani da ita, haka masu kiwon kifi, da 'yan kasuwar da ke yawo gida-gida suna tallar injin tace ruwa. Akwai kuma masu haɗa abin da ake kira ruwan azurfa, waɗanda ke tsoma ta a kwalba su ce wa mai saye, "Ga shi ka gani da idonka, ppm 10 ne cif." Wannan maƙala za ta yi bayanin yadda na'urar ke aiki, da dalilin da ya sa lambarta ba ta isa a dogara da ita wajen sanin yawan azurfa ba. Bayanin ya fi shafar mutanen Talata Mafara, Bakura da Maradun ta wata fuskar, domin kuskuren da ake yi a kan azurfa shi ne ake yi a kan dalma, kuma Zamfara ta san illar dalma fiye da ko'ina a ƙasar nan.

Yadda na'urar ke aiki

A bakin na'urar akwai 'yan ƙarafa guda biyu. Tana tura ɗan lantarki daga ɗaya zuwa ɗaya ta cikin ruwan, ta auna sauƙin da lantarkin ya samu wajen wucewa. Iyakar aikinta ke nan. Ruwa zalla kusan ba ya ɗaukar lantarki. Abin da ke sa ya ɗauka shi ne narkakkun sinadarai irin su gishiri da kanwa da farar ƙasa, waɗanda idan sun narke sukan rabu zuwa ƙananan ƙwayoyi masu caji da masana ke kira ayon. Yawan ayon, yawan lantarkin da zai wuce.

Ma'aunin asali na wannan awo shi ne maikurosimen a kowace santimita, ana rubuta shi µS/cm. Wasu na'urorin suna nuna wannan lambar kai tsaye, su ne ake kira mitar EC. Mitar TDS kuwa tana ɗaukar lambar ta ninka ta da wani adadi da kamfanin da ya ƙera ta ya zaɓa, yawanci 0.5 ko 0.7, sannan ta rubuta sakamakon da sunan ppm, wato miligiram nawa ne a lita ɗaya. Adadin 0.5 an samo shi ne daga gishirin miya. Ma'ana, idan mita ta nuna 100, abin da take faɗa shi ne: "Da a ce duk abin da ke cikin ruwan nan gishiri ne, da ya kai miligiram 100 a lita." Ba ta san ko gishirin ne ko wani abu ba. Shi ya sa mita biyu na kamfani daban-daban za su iya nuna 100 da 140 a kofi ɗaya, kuma babu wadda ta lalace a cikinsu.

Duk mai irin wannan mita zai iya gwadawa a gida. A zuba cokali guda na sukari a kofin ruwa a dama, lambar kusan ba za ta motsa ba, domin sukari yana narkewa ba tare da ya rabu zuwa ayon ba. A barbaɗa ɗan gishirin da yatsa biyu suka ɗauka, sai lambar ta yi tsalle zuwa ɗaruruwa.

Zafi ma yana sauya lambar. Duk digiri ɗaya da ruwa ya ƙara zafi, awon yana ƙaruwa da kusan kashi 2 cikin 100, kuma an tsara awon ne a kan digiri 25. Ruwan jarka da ya yini a rana cikin watan Afrilu a Mafara zai iya kai digiri 35, sai mitar da ba ta gyara wa kanta lissafin zafi ta ƙara kusan kashi 20 cikin 100 a kan lambar gaskiya.

Mene ne ruwan azurfa

Ruwa ne da ke ɗauke da azurfa ta siga biyu. Akwai azurfar da ta narke ta zama ayon, akwai kuma ƙananan ɓurɓushin ƙarfen azurfa da ke shawagi a ruwan, ƙanana ƙwarai har ido ba ya ganinsu. Sunan da ake rubutawa a kwalabensa, colloidal silver ko nano silver, yana nufin wannan siga ta biyu. Masu haɗa shi a gida sukan tsoma wayoyin azurfa biyu a ruwa su jona musu batir, kuma abin da ke fitowa ta wannan hanya yawancinsa ayon ne, ɓurɓushin kaɗan ne.

Azurfa tana kashe ƙwayoyin cuta a wajen jiki, kuma likitanci ya daɗe yana cin moriyar hakan. Man silver sulfadiazine da ake shafa wa ƙuna a asibitocinmu yana ɗauke da ita. Tun shekarun 1880 wani likitan Jamus mai suna Carl Credé ya fara ɗiga silver nitrate a idon jarirai don kare su daga ciwon idon da suke ɗauka wajen haihuwa. Tukwanen tace ruwa na yumɓu da aka fara ƙerawa a Gwatamala ana shafa musu azurfa. Duk waɗannan a kan fata ne, ko ido, ko kayan aiki, kuma da awo sananne. Shan azurfa daban ne. Jikin ɗan Adam ba ya buƙatarta kamar yadda yake buƙatar sinadarin ƙarfe ko aidin, kuma babu cutar da aka tabbatar shan ruwan azurfa yana warkarwa. A 1999 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta yanke cewa magungunan ruwan azurfa da ake sayarwa ba da takardar likita ba ba su cika sharuɗɗan inganci da aminci ba.

Najeriya ma ta taɓa karo da shi. A watan Agustan 2014, bayan da Ebola ta shigo Legas, ministan lafiya na lokacin, Farfesa Onyebuchi Chukwu, ya sanar cewa za a gwada wani abu mai suna Nano Silver a kan masu cutar. Cikin 'yan kwanaki gwamnati ta janye, domin bai cika sharuɗɗan kwamitin ƙasa mai kula da ɗa'ar binciken lafiya ba. An kawo ƙarshen annobar a watan Oktoba na shekarar ta hanyar bin sawun waɗanda suka yi mu'amala da marasa lafiya da killace su. A 2020 kuma, da korona ta zo, hukumomin Amurka sun aika wa mai wa'azin talabijin Jim Bakker takardar gargaɗi kan tallar ruwan azurfa a matsayin maganinta.

Dalilin da ya sa mita ba ta auna azurfa

Matsala ta farko ita ce ɓurɓushin ƙarfen azurfa kusan ba ya ƙara wa ruwa ɗaukar lantarki. Mitar ba ta ganinsa. Kwalbar da ke cike da ɓurɓushin, irin mai launin rawaya, za ta iya nuna 2 ko 3 alhali azurfar cikinta ta ninka haka sau da yawa. Wato siga ɗin da aka rubuta sunanta a jikin kwalbar ita ce wadda mitar ta fi makancewa a kanta.

Ko ayon ɗin da take gani, lissafinsa bai tsaya wuri ɗaya ba. Ayon na azurfa ba ya zama shi kaɗai a ruwa, dole akwai wani ayon mai kishiyar caji da ke rakiyarsa, kuma mitar tana haɗa su biyun ta auna. A ɗauki ruwa mai azurfa miligiram 10 a lita. Idan abokin rakiyar haidirokzaid ne, kamar yadda yake a sabon haɗi, awon zai kai wajen 24 µS/cm, mitar TDS mai ninki da 0.5 ta nuna 12. Idan ruwan ya kwana a buɗe ya shaƙi iskar kabon, abokin rakiyar ya koma baikabonet, awon zai sauko wajen 10 µS/cm, mitar ta nuna 5. Azurfar ba ta ragu ba, amma lambar ta faɗi ƙasa da rabi. Mai haɗawa da ya ga lambar ta sauka yakan ɗauka haɗin ya yi rauni, sai ya ƙara jona batir, ya ƙara azurfa a kan azurfa.

Duk wannan lissafin ma a kan tataccen ruwa ne, irin wanda aka tattara daga tururi, mai nuna 1 ko 2 kafin a fara. A ruwan rijiya, ko na burtsatse, ko na leda, maganar ta lalace tun daga tushe. Irin wannan ruwa yakan zo da nasa sinadaran masu nuna gomomi ko ɗaruruwa. Ƙananan mitocin kasuwa kuma yawanci suna da kuskuren kashi 2 cikin 100 sama ko ƙasa, don haka a ruwa mai nuna 200, sauyin 4 ba ya nufin komai. Sannan kulorayid ɗin da ke cikin ruwan yana kama azurfa ya mayar da ita wani farin gari da ba ya narkewa sosai, shi ne farin hazon da ake gani a kwalba. Azurfar tana nan a cikin garin, mai sha zai haɗiye ta, mitar kuwa ba ta lissafa ta.

Wasu suna haska fitilar leza ta cikin kwalba, idan layin hasken ya bayyana sai su ce shaida ce. Layin yana nuna akwai wani abu da ke shawagi a ruwan, ƙura ma tana nuna shi. Awon gaskiya a ɗakin gwaje-gwaje ake yinsa: a narkar da samfurin da asid, sannan a auna azurfar da injin AAS ko ICP, waɗanda ke gane kowane ƙarfe da sunansa.

Abin da azurfa ke yi wa jiki

Babbar illar da aka sani ita ce ajiriya, wato taruwar azurfa a fata da sauran sassan jiki har launinsu ya koma toka-toka mai shuɗi. Hasken rana yana ƙara duhunta launin, shi ya sa ya fi fitowa a fuska da wuya da hannuwa. A baƙar fata sauyin ba ya saurin bayyana, don haka likita ya fi duba dasashi, da farin ido, da ƙasan farce. Akan yi kuskuren ɗaukarsa a matsayin ƙarancin iskar oksijin a jini, a yi ta binciken zuciya da huhu, sai tambayar abin da mutum yake sha ta warware lamarin. Launin ba ya tafiya ko an daina sha, kuma magungunan da ke fitar da dalma daga jiki ba sa fitar da azurfa. Stan Jones, ɗan siyasa a jihar Montana ta Amurka, da Paul Karason wanda ya rasu a 2013, dukansu sun koma shuɗaye ne sanadin ruwan azurfar da suka haɗa da hannunsu.

Hukumar kare muhalli ta Amurka ta ƙiyasta cewa abin da mutum zai iya sha kullum tsawon rayuwa ba tare da fargaba ba bai wuce maikurogiram 5 a kowane kilo na nauyinsa ba. Ga mai kilo 60, miligiram 0.3 ke nan a rana. Idan kwalba da gaske ppm 10 ce, cokali biyu na cin abinci sun cinye wannan kason. Idan kuwa azurfar ta ninka abin da mita ta nuna sau uku, to cokali ɗaya ma ya wuce iyaka. A ruwan sha, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce jiki zai iya jure har miligiram 0.1 a lita, wato kashi ɗaya cikin ɗari na abin da ke rubuce a waccan kwalbar, kuma adadi ne da ƙaramar mita ba ta iya gani sam.

Azurfa kuma tana rage shigar wasu magunguna jiki, musamman thyroxine na masu ciwon maƙoƙo da magungunan ƙwayoyin cuta dangin ciprofloxacin da tetracycline. Illar da muka fi jin tsoro a matsayinmu na likitoci ita ce jinkiri: yaro mai zazzaɓin taifot ko maleriya a riƙe shi a gida kwana biyar ana ba shi ruwan azurfa.

Dalma: inda kuskuren ya fi tsada

A watan Maris na 2010 ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF suka lura yara ƙanana suna mutuwa da yawa a wasu ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum. Bincike ya nuna gubar dalma ce. Duwatsun zinaren da ake haƙowa suna ɗauke da dalma mai yawa, ana kawo su gida a daka, a niƙa a injin niƙan hatsi, a shanya a tsakar gida inda yara ke rarrafe. Aƙalla yara 400 ne suka rasu. A ƙauyuka biyu da masana daga cibiyar CDC ta Amurka suka bi gida-gida, kusan ɗaya cikin huɗu na yara 'yan ƙasa da shekara biyar sun mutu cikin shekara guda. Dareta, Abare, Yargalma, Sunke, Tungar Daji, da Bagega wadda ba a kwashe gurɓatacciyar ƙasarta ba sai 2013, duk sunaye ne da mutanen Mafara suka sani, domin Anka maƙwabciya ce. A yankin Maradun ma ana haƙar zinare. A 2015 irin wannan ya sake faruwa a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja.

Mutumin da ya san wannan tarihi, idan aka nuna masa na'urar da aka ce tana "gwada ruwa", dole ransa ya so ya gwada rijiyar gidansa. Ga abin da ya kamata ya sani. Iyakar dalma a ruwan sha, a ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya da ta Najeriya, ita ce miligiram 0.01 a lita. Mitar TDS tana ƙirga ne daga 1 zuwa sama. Ruwan da dalmarsa ta ninka iyakar sau goma ba zai sauya lambar mitar ko da ɗigo ɗaya ba. Rijiya mai nuna 60 za ta iya zama mai guba, wata mai nuna 400 ta zama lafiya lau, sai dai ɗan ɗanɗanon kanwa. Haka yake ga zaibar da ake kama zinare da ita, wadda iyakarta a ƙa'idar Najeriya ta ma fi ta dalma ƙanƙanta.

A annobar 2010, babbar hanyar da dalma ta bi ta shiga jikin yara ita ce ƙura da ƙasa da abincin da ƙurar ta sauka a kai, duk da an samu rijiyoyi da kududdufan da wankin dutse ya gurɓata. Ƙasar da injin XRF aka auna ta, yaran kuma jininsu aka gwada. Waɗanda dalmarsu ta kai maikurogiram 45 a kowace desilita su aka ba maganin succimer mai fitar da ita. Yaron da ke zaune a gidan da ake sarrafa dutsen zinare, yana fama da ciwon ciki, amai, kasala, yawan kuka ko jijjiga, gwajin jini yake buƙata, kuma a gaya wa likita sana'ar gidan tun kafin ya tambaya. Da yawa daga cikin yaran da ke da dalma a jini ba sa nuna wata alama, sai daga baya a ga koyo yana yi musu wuya. Tafasa ruwa ba ya cire dalma.

Ƙwayoyin cuta ma haka. Kwalara da taifot ba sa sauya lambar mita. Ruwan gishiri da sukari na ORS kuwa, wanda ke ceton mai amai da gudawa, yana nuna dubbai, domin kowace lita tana da gishiri giram 2.6 ban da sauran sinadaran. Mai bin lambar mita zai zubar da maganin ya sha cutar.

Akwai wata dabara da masu tallar injin tace ruwa ke haɗawa da mitar. Sukan tsoma wasu sanduna masu jone da wuta a kofin ruwan gidan, cikin minti ɗaya ruwan ya koma ja, ko kore, ko baƙi, su ce dattin da iyali ke sha ke nan. Dattin daga sandar ƙarfen yake fitowa, lantarki ne ke cinye ta. Ruwan injinsu ba ya sauya launi ne saboda ba ya ɗaukar lantarki sosai. A ce musu su barbaɗa masa ɗan gishiri su sake gwadawa.

Inda mitar ke da amfani

Na'ura ce mai kyau a wurin da tambayar ita ce yawan gishiri. Madatsar ruwan Bakolori da aka kammala a 1978 a kan kogin Sakkwato tana shayar da gonakin shinkafa da kayan lambu a Mafara, Bakura da Maradun, kuma a ko'ina aka daɗe ana noman rani a ƙasa mai zafi, taruwar gishiri a gona abin lura ne, musamman inda magudanan fitar da ruwa suka toshe. Hukumar abinci ta duniya, FAO, ta ce ruwan ban-ruwa da bai kai 700 µS/cm ba babu damuwa a kansa, wanda ya wuce 3,000 kuma yana cutar da yawancin amfanin gona. Wannan aikin mitar ne na asali. Mai kamfanin ruwan leda zai iya gane matatar injinsa ta gaji idan lambar ruwan da ke fita ta fara hawa. A sashen wankin ƙoda na asibiti injinan suna auna ɗaukar lantarkin ruwan wankin a kowane lokaci. Ƙa'idar ruwan sha ta Najeriya ta sa iyakar TDS a miligiram 500 a lita, da 1,000 µS/cm, kuma wannan iyaka ta fi shafar ɗanɗano. Rijiyar da ta saba nuna 150 ta wayi gari tana nuna 500 tana gaya maka wani abu ya shiga, watakila daga masai ko kwata, sai a kai samfur ɗakin gwaji.

Mai son awon ya yi daidai sai ya riƙa saita mitar da ruwan saiti da ake sayarwa tare da ita, wanda aka fi sani shi ne mai 1,413 µS/cm, ya kurkure bakinta bayan kowane awo, ya kuma auna ruwan a inuwa.

Wanda ya riga ya sha ruwan azurfa na wani lokaci ya daina, ya ɗauki kwalbar ya je asibiti da ita. Likita zai duba dasashi da ido da farce, ya tambayi tsawon lokaci da yawan abin da ake sha, ya duba aikin ƙoda, kuma idan mutum yana shan thyroxine a sake gwada jininsa. Mai ciki da mai shayarwa da ƙananan yara kada a ba su ko kaɗan. Samfurin ruwan da za a gwada don dalma kuma a tambayi ɗakin gwajin irin kwalbar da suke so kafin a ɗebo, domin yawanci sukan ba da tasu mai ɗigon asid a ciki, don kada ƙarfen ya manne a jikin roba kafin ya isa wurinsu.